'Yarka Ba Ta Ji

Magana ɗaya nake so a ce ban taɓa faɗa ba, wadda na faɗa wa surukina ranar da na mayar masa da matata: "Baba, 'yarka ba ta ji." Taurin kai nake nufi, shi ma haka ya fahimta.

Mahauci ne ni a kwatar Fatakwal. Shekarar da rikici ya tashi, gab da yaƙin basasa, aka ce mutanen Arewa mu tattara mu tafi. A tashar jirgin ƙasa, da rana tsaka, wani mai bindiga ya harba sama daidai kafaɗar matata ta hagu don a buɗe masa hanya. Ba ta faɗi ba, ba jini. Na ce mun tsira.

Da muka isa gida sai in kira ta ta yi banza da ni.

"Ke! Da bango nake magana?"

"Malam, kira ka yi? Wata tsuwwa ce ke cika min kai."

"Tsuwwar raini dai. Amma ai kina jin ta mai kifi."

Mai kifin ta gefen dama take tsayawa, ni kuwa tabarmata tana hagu. Ban lura ba. Bayan wata bakwai na rubuta mata takardar saki.

Sai da nawa kunnen ya fara nauyi da tsufa likita ya zana min a takarda. Ya ce can cikin ƙashi akwai abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A ciki akwai wasu ƙananan halittu masu gashi, jere gajere da dogo kamar matakala, kowane gashi da ƙarfinsa a ciki mai riƙe shi a miƙe, kawunansu ɗaure da zare. Sauti ya kaɗa ruwan, gashin ya karkata, zaren ya ja wata 'yar ƙofa, saƙo ya wuce ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana karya su, kuma ba sa sake tsirowa. Ni da na fasa kawunan shanu ba iyaka, ban san da wannan ba.

Na nemi garin da matar da na saki take. Tsohuwa ce da jikoki, mijinta na biyu ya rasu. Na durƙusa na fara neman gafara. Ta ce, "Malam, zagayo dama. Har yanzu ba ka koya ba?" Na zagaya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta yafe, in tashi kada gwiwata ta riƙe.

'Ya'yana sun ce kada in rubuta wannan labari, tonon asiri ne. Abokaina sun ce ƙaddara ce. Ban yarda ba. Harbin ba nawa ba ne, amma takardar da hannuna na rubuta ta, kuma zan faɗa ko an ji haushi.

Kai mai karatu, idan ka kira naka bai amsa ba, don Allah zagaya ɗaya gefen kafin ka yi masa irin hukuncina.