Kyanwar Marigayi Ta Daina Zagaye

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa da shi ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana sa wa a takarda. Na ce mata in kuka ya zo mini kada ta tsaya lallashi, ta jira in share ido mu ci gaba.

Tun da ciwon gwiwa ya raba maigidana da gonarsa ta hanyar Kambaza, sai ya ɗauki wata al'ada. In rana ta ɗan ɗago sai ya ɗauki sandarsa ya bi layinmu na nan Gwandu ƙofa ƙofa yana gaisuwa. Ba ya shiga cikin gida. Daga zaure yake sallama, ya tambayi kwana, ya tambayi mai jiki in akwai, ya wuce gaba. Kyanwarsa tana biye da shi, wata fara mai baƙin kunne ɗaya, wadda ya tsinta a bayan rumbu tun ba ta buɗe ido sosai ba. In ya tsaya ta zauna, in ya ɗaga sanda ta tashi. Mutanen layi har tsokanarsa suke yi, su ce Malam da dogarinsa.

Da Allah ya yi masa rasuwa, aka watse daga zaman makoki, na shiga takaba. Ko ƙofar gida ba na leƙawa. Wata safiya ina zaune a kan tabarma jikin katanga, sai na ga kyanwar ta miƙe ta fita, daidai lokacin da yake fita. Can na ji muryar maƙwabciyata, tsohuwar da ke toya masa a gidan da muke haɗa katanga, ta ce, "Wayyo Allah, ku zo ku ga mussar Malam ta zo gaisuwa ita kaɗai!" Na ji ta ce, "Ungo, ci. Allah ya kai ladan kabarinsa. Allah ya jiƙan mai ke."

Na ce amin daga inda nake. Jim kaɗan na ji irin wannan addu'a a gida na gaba, ƙasa-ƙasa, sannan na gaba da shi, har ta yi nisan da kunnena ba ya kaiwa.

Haka abin ya zauna, ba wanda ya shirya shi. Kowane gida ya riƙa ajiye mata wani abu da niyyar sadaka ga Malam. Nan masa da sukari, can ɗumamen tuwo, can kunu, can fura da nono a murfin kwano. Yara ma suka koya, suna rige-rigen miƙa mata suna faɗin addu'ar da bakinsu da bai gama nuna ba. Akwai amaryar da aka kawo layin bayan rasuwarsa, ba ta taɓa ganinsa da idonta ba, amma ita ma kullum sai ta roƙa masa gafara. Ni kuwa aikina kenan kowace safiya, har bayan na fita takaba, har shekaru suka ja: in shimfiɗa tabarma jikin katanga, in bi addu'ar da kunne ina cewa amin. Kyanwa ta yi ƙiba har tafiya tana mata nauyi, muna ta dariya, muna cewa albarkar sadaka ce.

A daminar da ta wuce ne ta fara ramewa. Ci bai ragu ba, sai ma ƙaruwa, amma jiki yana zubewa. Ruwa kuwa, in na buɗe randa sai na yi faɗa da ita, har na kwatami take sha. Gashinta ya yi cuku-cuku. Abin da ya fi ba ni mamaki, duk inda ta yi fitsari sai tururuwa ta yi baƙi a wurin.

'Yata da ke aure a Kalgo ta zo duba ni, ta ɗaga ta ta ji ba nauyi, ta ce, "Inna, wannan ba tsufa ba ne." Ta sa ta a kwando ta rufe da zane, muka shiga mota da ita, tana kuka mutane suna kallonmu. A Kalgo akwai wani likitan dabbobi da mijin 'yata ya sani. Na ji kunyar shiga, don kowa a wurin da saniya ko tunkiya ya zo. Likitan ya tsaga kunnenta kaɗan, ya ɗiga jinin a kan wata 'yar na'ura, ya duba, ya sake dubawa.

Ya ce, "Inna, ciwon suga ne."

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake yi da tsohuwa. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Me take ci?"

Na fara lissafa masa gida gida. Kafin in kai tsakiyar layi ya dafe kai. Ya ce daga yau nama ne, ko kifi, ko dafaffen ƙwai, safe da yamma, ta ci sannan a yi mata allura. Ba tuwo, ba kunu, ba fura. Ya ce in ta ci gaba da bin gidaje, allurar ba za ta yi amfani ba, kuma ba za ta daɗe ba.

Na ce, "Likita, ai sadaka ce ake ba ta."

Ya ce, "Na ji, Inna. Amma ita ke kashe ta."

'Yata ta zauna da ni a Gwandu har hannuna ya faɗa. Ni ba na karanta lamba, sai ta ɗiga jan farce a jikin sirinji daidai inda zan tsaya. Maganin ba ya son zafi, mu kuwa ba mu da firji, sai muka sa kwalbar a ƙaramin tulu muka binne gindinsa a jiƙaƙƙen yashi a ɗakin Malam, ina yayyafa ruwa kullum. Ana kama fatar ƙeyarta ne a ɗaga, a soka a ƙarƙashi. Ranar farko allurar ta fita ta ɗaya gefen, maganin ya jiƙa mini yatsa. Na zauna na yi kuka, kyanwar tana lasar ƙafarta kamar ba da ita ake ba. Likita ya kuma ce in na ga tana tangaɗi bayan allura, in shafa mata zuma a dasashi, don haka na ajiye 'yar kwalbar zuma kusa da tulun.

Allura ba ita ce mai wuyar ba. Mai wuyar ita ce zuwa wurin mutane in ce su daina. Na fara da maƙwabciyata, na same ta a bakin tanda tana juya masa.

Ta ce, "Ke tsohuwar nan, gaskiya ne abin da na ji? Mutane na neman na gwiwa ba su samu ba, ke kina yi wa mussa allura?"

Na ce, "Gaskiya ne, ƙawata. Kuma alfarma na zo nema. Ku daina ba ta abinci."

Ta ajiye tsinken juyi. "Sadakar tamu ce ta sa mata ciwo? Mu da muke yi don Malam?"

Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce to yaya nake nufi. In an bi ta a hankali kuwa, haka ɗin nake nufi. Ta naɗe mini masa a takarda ta ce, "Ke dai ungo, ko ke ma likita ya hana ki?"

Na bi sauran gidajen, kowa ya ce to. Amma kyanwa ba ta ji to ɗin ba. Lokaci na yi take haura katanga, kuma wa zai ga dabba ta zauna a ƙofarsa tana kallonsa ya hana ta? In babba ya daure, yaro ba ya daurewa. Ta dawo mini wata rana tana amai, ƙafafun baya suna ja. Daga ranar na fara rufe ta a ɗakin Malam da safe, sai rana ta take, an gama karin kumallo a layi, sannan in buɗe.

Kukan da ta yi a bayan ƙofar nan, Allah kada ya sake jiyar da ni irinsa. Daidai lokacin fitarsa take farawa, tana yagar katako da farce. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Kin dai san abin da malamai ke faɗa a kan matar da ta kulle mussa."

Na ce, "Waccan hana ta abinci ta yi. Ni kifi nake ba ta, wanda ni ban ci ba."

Ta ce, "To ki riƙa miƙo mini kan kifin, ni ma suga ke damuna."

Muka yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, har sai da na aika aka tambayo mini liman. Ya ce babu laifi tun da ana ciyar da ita, kuma don lafiyarta ake yi. Hankalina ya kwanta ta wannan gefen.

Kyanwa ta fara samun sauƙi. Ta rage shan ruwa, tururuwa ta daina taruwa, gashi ya kwanta ya yi sheƙi. Kukan safe ya yi ta raguwa har ya ƙare. Wata safiya na manta ban ja ƙofa ba, sai na ga ta fito ta kwanta a rana tsakar gida, ko kallon katanga ba ta yi ba. Na yi murna, na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a inda na saba. Na kasa kunne. Na ji daka, na ji kukan awaki, na ji rediyon wani gida. A nan na tuna rabon da in ce amin a jikin katangar nan tun kafin girbi.

Ba mugunta mutane suka yi ba. Kowa da mamatansa, kowa da abin da ke gabansa. Ganinta a ƙofa ne yake tuna musu da shi, ni kuma na hana su ganinta.

Sai na yi tunanin in kai ta da kaina. Na yi mata allurar safe, na rungume ta a cikin mayafi, na bi layin a lokacin da yake bi. Mutane suka fito da fara'a. Wannan ya ce, "Inna, ya mai jiki?" Wancan ya ce, "Ku zo ku ga mussar Inna mai allura!" Aka tambaye ni ko tana cizo, aka tambaye ni ko gaske ne ƙwai take ci. Na kai ƙarshen layi na juyo. A ƙofar maƙwabciyata na tsaya, na ɗan buɗe mayafin don ta gan ta sosai. Ta shafa baƙin kunnen ta ce, "Kai, ƙawata, kin yi ƙoƙari. Mussarki ta yi kyau."

Mussarki ta ce. Na tsaya kaɗan ko za ta ƙara wani abu, sai mai sayen masa ya yi sallama ta juya. Na shigo gida na sauke kyanwar, na zauna a bakin ɗakinsa.

Yanzu 'yata ta ajiye biro ta ce mini, "Inna, da kin bar ta ai da ta mutu, zagayen ya ƙare duk ɗaya." Na sani. Ko yau aka sake kawo mini zaɓin, allurar zan ɗauka. Amma sanin bai hana ni kewar safiyoyin nan ba, kuma da na san ranar da na fara jan ƙofar nan ita ce ta ƙarshe, da na bar ta ta yi zagaye ɗaya, na saurara da kyau.

Yanzu in na ɗaga fatar ƙeyarta da safe, ni nake cewa Allah ya jiƙan mai ke, ni kuma nake cewa amin. Shi ya sa na ce a rubuta wannan. Wanda ya karanta ba sai ya san sunansa ba. Wani tsoho ne mai sanda da yake gaida maƙwabtansa. In bakinka ya ba ka, ka roƙa masa gafara. Ga ta nan ta zo tana shafa ƙafata, la'asar ta yi, bari in je in duba kifinta.