Ƙafar da Ban Sake Riƙewa Ba

A shekarun farko da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu jihar Kebbi, ni manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Maiyama, mai taurin kai, ina ganin babu abin da zai lalace a gidana in kasa gyarawa. Babban ɗana ya zama cikakken mutum, yana bin manyan motocin da ke kai albasa kudu daga Aliero. A can ya koyi shan ƙwaya, daga baya ya haɗa da sholisho. Na yi duka, na karɓo rubutu, na yi masa aure, matar ko shekara ba ta rufa ba ta tafi. Uwarsa ta daina zuwa biki saboda idon mutane.

Wata rana yana cikin maye ya faɗo daga saman lodi a tashar Jega, ƙaurinsa na dama ya karye. Muka kai shi Aliero wurin wani dattijo mai ɗori. Ya ce in zauna bayan yaron in rungume ƙirjinsa kada ya motsa. Aka ja ƙafar yana ihu, aka jera karare aka ɗaure. Allah ya sani, a raina har daɗi na ji. Na ce yau dai an ɗaure mini shi wuri ɗaya, babu tasha, babu abokai, in ƙafa ta warke shi ma ya warke.

Ƙashin bai gama kamawa ba ya kwance ɗorin da hannunsa, ya ja jiki zuwa bakin titi ya shiga motar Jega. Da ƙyar muka gano shi a bayan tasha, tsumman sholisho a baki, ƙafar ta kumbura ta juya. Muka koma Aliero. Dattijon ya shafa ya ce ƙashin ya fara haɗewa a karkace, sai an sake karyawa. Na zauna na rungume shi kamar wancan karon. Sai yaron ya juyo ya ce mini kada in wahalar da kaina, in an ɗaure zai sake kwancewa. Ba da tsiwa ya faɗa ba, kuma a ranar garau yake. Dattijon ya tsaya yana jirana. Na ji hannuwana sun saki da kansu. Ban yi kuka ba, ban yi fushi ba, na tashi na kaɗe rigata na yi wa dattijon godiya, muka bar ƙafar yadda take.

Da na gaya wa uwarsa, tankaɗe take yi, ba ta ajiye rariyar ba. Ta ce in ya zo akwai tuwo, amma ƙafarta ba za ta sake taka tasha nemansa ba. Har yau yana nan Jega yana ɗingishi. Ranar kasuwa mukan gaisa, ya tambayi albasa, in ce da godiya. Ina duba zuciyata in ji wayam, wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Na gane ana iya danne mutum a gyara masa ƙashi, amma ba a danne shi a sa masa son warkewa. Iyaye, ku sa ido tun abin yana ƙarami. In ɗanku ya dawo daga doguwar tafiya idonsa a bushe, bai nemi abinci ba, bai nemi tabarma ba, ku zaunar da shi ku tambaya. Ni a lokacin yabonsa nake yi a majalisa, ina cewa ɗana ba ya gajiya.