Dattijuwa Mai Gwajin Man Ciyawa

Ina jiran sakamakon gwajin gyambon babana a asibiti, ina hango wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta taga. Dattijuwa ce siririya, ƙafar gilashinta ɗaure da zare. Ta ɗaga farantin da suke renon ƙwayoyin cuta tana dubawa a haske.

Abokin aikinta ya leƙo. "Kai! Magani uku sun kasa, man ciyawar nan mai ƙamshin lemo ya kashe su? Anti, mu ba wa marasa lafiya mana!"

"A faranti ne fa," in ji ta. "Jikin mutum daban ne."

Ta sake aunawa a hankali, leɓenta na motsi. Ina jin ita ma ta taɓa jinyar wani nata da magani ya daina yi wa aiki.