Shekara Biyar Ina Neman Muryar Nafi'u

Daminar bana ce ta biyar da rasuwar ƙanina Nafi'u, Allah ya jiƙansa. Tun yana raye nake ɗauke da fargaba a kansa, kuma ba ta ciwo ba ce. Mu gidan mahauta ne a nan Garwa. Daga sallar asuba Nafi'u yana mayanka, wuƙa a hannu, in ya tashi kuma sai waya da wani wasa da yake bugawa da mutanen da bai taɓa gani ba. Na saka a raina wata rana hankalinsa zai rabu biyu, rabi kan nama rabi kan wasan, ya datse yatsa. In ya yi sallama a gidana, hannunsa nake fara kallo kafin fuskarsa. Shi ma ya gane, sai ya riƙa shigowa da tafukansa a sama kamar wanda jandarma suka tare a hanya.

"Adda, duba. Duk suna nan."

Haka ya koma ga Allah da yatsunsa lafiya lau. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Muna cewa gobe zai warware, sai ga shi an fita da shi.

Abin da ya sa na kawo maganar nan a jarida bana, 'yata Hauwa ce. Tana goye ya rasu, hotonsa kawai ta sani. Kwanan baya ina yi mata kitso ta ce, "Mama, shi Kawu Nafi'u yaya muryarsa take?" Na buɗe baki in kwaikwaya mata, sai na ji babu. Maganganunsa suna nan a kaina, na san abin da zai ce a kan komai, amma sautin ya fara guje mini. In na matsa wa kaina sai in ji muryar maigidana, ko ta wani mai talla a titi. Tun ranar ban samu natsuwa ba.

Wayarsa tana da lambar kulle da babu wanda ya sani. Bayan addu'ar bakwai maigidana ya kai wa mai gyara a kasuwa ya buɗe. Ya buɗe ta kuwa, amma a wanke, babu hoto babu saƙo. Ni kuma lokacin ƙaramar waya gare ni mai maɓalli, gidan iyayenmu da nawa lungu ɗaya ne, in yana da magana ta katanga yake leƙowa. Don haka in har muryar Nafi'u ta rage a wani wuri a duniya, to tana wurin abokan wasansa.

Wasan da Faransanci yake, ni ban yi nisa a makaranta ba, amma na sha zama kusa da shi ina tsince shinkafa har na gane yadda abin yake. Kowa yana da ɗan mutumin da yake tuƙawa a wata ƙasa mai duwatsu da dodanni. Dodon ba ya kasuwa ga mutum ɗaya, sai an haɗa ƙungiya, ana yaƙi ana magana da juna ta waya. A ƙungiyarsu Buba ne kaɗai na sani ido da ido, ɗan unguwarmu mai haya da moto, wato babur. Sauran muryoyi ne kawai: wani mai sayar da albasa a Mora, wani malamin makaranta a Cholire, da wasu da ban riƙe ba. Hausa, Fillanci, Faransanci, duk a tukunya ɗaya.

Wata rana na ji yana ce musu, "Mizajur za ta iso ranar Alhamis, an ce ta yi kyau." Na wuni ina tunanin 'yar gidan waye. Da yamma na ja shi gefe na ce, "Wace ce Mizajur ɗin nan? Ina iyayenta suke?" Ya yi dariya har sai da ya zauna kan turmi. Ashe sunan sabon abin da masu wasan suke ƙarawa ne lokaci zuwa lokaci: sabon tsibiri, sabon dodo, sababbin riguna. Daga nan na shiga uku da tsokana. Duk sanda aka ƙara wani abu sai ya leƙo ta katanga ya ce, "Adda, amaryar ta iso, ba za ki zo ki gani ba?"

Shi a cikin wasan ba ya riƙe takobi. Mai magani ne, yana bayan mutane, wanda aka ji wa ciwo ya warkar da shi, wanda ya faɗi ya tashe shi. Na tambaye shi dalili, ya ce wuƙar mayanka ta ishe shi. Saboda wannan aikin bakinsa ba ya hutawa: wane dawo baya, wane jininka ya yi ƙasa, Buba kai da wa kake gasar mutuwa. Kuma kafin su fita yaƙi sai sun taru a bakin wata rijiya a garin farko na wasan, sun gaisa. Shi ya kafa wannan. Sai ya tambayi kowa gida da kasuwa da jikin tsohuwa, Buba yana ƙorafin megar intanet ɗinsa tana ƙarewa a kan ina wuni.

Sun sha musu da Buba a ƙofar gidana, suna jiran in sauke tuwo. Buba yana cewa wasan da ba a zuba masa sabon abu mutuwa yake yi, mutum ba zai yi ta kashe dodo ɗaya kullum ba. Nafi'u bai musa ba, shi ma yakan ƙosa in amaryar tasa ta daɗe ba ta zo ba. Abin da yake cewa shi ne, sabon abu yana kira mutane, amma ba ya zaunar da su. Ni da nake gefe na ga alamar haka. In an ƙara tsibiri wayarsa takan cika da hayaniya kamar kasuwar jajibirin salla, bayan 'yan kwanaki a koma su ɗin dai na bakin rijiya. Lokacin da aka kai hari wajen Mora mai albasa ya ɓace, babu rezon waya babu labari, Nafi'u ya daina zuwa sabon tsibirin gaba ɗaya. Kullum bayan la'asar sai ya kai ɗan mutuminsa bakin rijiya ya zaunar, ya ajiye wayar a kan tabarma yana kallo. Ranar da mutumin ya dawo ya yi sallama, na ji ihun ƙanina daga ɗakin girki.

Makon jiya na aika aka kira mini Buba. Ya yi aure, ya yi ƙiba, wasan kuma ya ce ya daɗe bai leƙa ba. Na roƙe shi ya buɗe mini ko za mu samu wani. Sai da ya goge hotuna da yawa kafin wayar ta ɗauka, ya ce da ma haka wasu suka fita, kowace mizajur tana ƙara nauyi, masu ƙananan wayoyi suna zubewa a hanya.

Gaskiya wasan ya yi kyau. Dawakai masu fukafukai, gidaje da ake ginawa, har aure ana ɗaurawa a ciki. Mutane cike, suna gudu kowa da gabansa. Na ce ya kai ni rijiyar. Ya zagaya ya zagaya, ya ce an sake garin, a wurin yanzu rumfar sayar da riguna ce. Ya buɗe sunayen 'yan ƙungiya, duk sun yi toka-toka, alamar babu kowa. Sai na lura da wani ɗan tsuntsu yana bin kafaɗar kowane mutum.

"Wannan fa?"

"Shi ne mai magani yanzu, Adda. In an ji maka ciwo shi yake warkar da kai. Ba sai ka kira kowa ba."

Wayar tana ta kiɗanta. Duk zaman da muka yi ban ji mutum ɗaya ya yi magana a ciki ba.

Na yi ta tunanin abin da Nafi'u zai ce. Na san zai so dokin nan mai fukafukai, zai leƙo ya dame ni da shi. Ba zan ce masu wasan sun yi kuskure ba, ga shi mutane sun cika, wataƙila sababbin ma suna da nasu wurin taruwa da ban gani ba. Buba ya ce tsuntsun ya taimaki wanda ba shi da abokai ko ba shi da lokacin jiran kowa, kuma na yarda. Amma na tambaye shi shi me ya fitar da shi, tunda sababbin abubuwan da yake nema ga su nan an zuba. Ya daɗe yana juya makullin moto a hannu. Ya ce bayan rasuwar sun taru a bakin rijiya sun zaunar da mutanensu, malamin Cholire ya yi addu'a, kowa ya ce amin daga garinsa. Sun ci gaba da wasa na ɗan lokaci. Sai dai in ya shiga babu mai tambayarsa jikin tsohuwa, in ya yi kwanaki bai shiga ba babu mai cigiya. Wata rana ya ga ya daina, bai ma san ranar ba.

Nafi'u bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Teburinsa a kasuwa wani ne a kai yanzu. Abin da ya bari shi ne mutane a garuruwa daban-daban da suka saba akwai mai tambayar lafiyarsu bayan la'asar, kuma na san ba su manta ba. Buba ya ce wasunsu suna ɗaukar bidiyon yaƙin da suka ci, da muryoyin kowa a ciki. Na Buban sun tafi da tsohuwar wayarsa, lambobin sauran kuma ba shi da su, a cikin wasan kawai suke haɗuwa.

To ga roƙona. In ka taɓa buga wasan nan da wani mai magani daga Garwa da yake kiran kansa Ɗan Fawa, wanda ba ya bari a fita yaƙi sai an gaisa, don Allah duba tsohuwar wayarka ko katin ajiyarka. In kana Mora kana sayar da albasa, ko kana koyarwa a Cholire, ko ka san su, ka isar musu. Ko guntu ne, ko faɗa yake yi wa Buba, ku aiko wa jaridar nan, za su kawo mini. Ina so in kunna wa Hauwa ta ji.