Ƙarfen Gurzar Inna

Tun Nasara ba su iso ba nake ƙira a Illela, bakin hanyar Ƙonni, inda raƙuman gishiri ke ratsawa. A lokacin idon Inna, mahaifiyata, ya riga ya tafi. Abin da ya rage mata shi ne gurzar auduga: ta shimfiɗa ta kan dutse, ta murza siririn ƙarfe a kai, angurya ta fice. Ranar da ƙarfen ya karye sai ta juya fuska ga bango, ta daina yi wa kowa magana. Tsoro ya kama ni sosai.

Na ƙero wani, dogo siriri, na kafa shi tsakanin turke biyu, na naɗa masa tsirkiyar baka. Hagu na jan baka ƙarfen yana juyawa, dama na riƙe da magagari. Siririn abu ɗan rainin wayo ne, kana danna tsakiyarsa yana zillewa. Sai da na tokare shi da 'yar gwafa, na shafa man shanu, sannan ya natsu. In ya ɗauki juyi sai ya koma kamar zaren ruwa, ka rantse ba ya motsi. Ina kallonsa hankalina yakan tafi. Sai in ji ni kwance a cinyar Inna, ƙarar gurza na lallashina, farin auduga na yawo a bakin ƙofa. Ayari guda yakan wuce ban sani ba.

Ƙarfen ya fito samɓal, kauri ɗaya daga kai har gindi. Na kai mata ina ji da kaina.

Ta murza, ta sake murzawa. Angurya ta bi ta ƙarƙashinsa ta yi zamanta.

"Mi ka yi mani haka?" in ji ta. "Wanga ƙarhe ba shi taɓa dutsina."

Na shafa dutsen. Ashe shekarun gurza sun cinye tsakiyarsa har ya yi kwari.

"Inna, bari in samo miki sabon dutse."

"Dutsin uwata za ka canza? Tahi ka yi mai ciki."

Na koma ina gunaguni. Na ƙera wani, na ci gefe da gefe, na bar masa tumbi a tsakiya, irin aikin da ba zan so wani maƙeri ya gani ba.

Ta karɓa, ta bi shi da yatsa, ta ɗora. Murza ɗaya, angurya ta yi tsalle ta bugi ƙafata. Ta jawo kwandon auduga kusa, ta gyara zama.

"Matsa can," ta ce, "ka tare mani haske."

Na matsa.