Kwana Tara a Aljihun Tebur

Shekaru sun ja, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka manna sanarwar ƙarin girma a allon ofishinmu na Funtua ba. Safiyar Litinin ce, cikin bazara, wajen ƙarshen shekarun 1970. Na tsaya gaban allon na karanta takardar sau uku, ina laluben sunana, Garba. Sunan da idona ya gani shi ne na Bitrus.

Ku da kuka zo aiki daga baya, bari in fara gaya muku yadda wurin yake. Kamfaninmu na sayar da kayan noma ne: garmar shanu, takin zamani, maganin ƙwari da injin feshi. Hedikwata tana Kaduna, Funtua kuma ita ce babban reshe. Manajanmu Alhaji Mamman ne, mutum mai ƙarancin magana. A ƙarƙashinsa akwai akanta, da sashen talla, da sito, sai makanikai da direbobi. Ni jami'in talla ne, na shekara takwas a kan kujerar. Ina da takardar sakandare, na iya tafireta, kuma ni nake rubuta rahoton ƙarshen wata da ake kai wa Kaduna. Bitrus kuwa makanike ne, ɗan wani ƙauye da ke bayan Malumfashi, iyakar karatunsa firamaren mishan. Ni na koya masa yadda ake cika takardar neman hutu. Tun daga lokacin yake ce mini Yaya.

A shekarar da ta gabaci sanarwar, hedikwata ta cika mana sito da wani sabon injin feshin auduga, ɗan ƙarami marar nauyi, mai aiki da batir irin na tocila. Aka ce mu sayar. Na yi abin da na iya. Na sa aka buga hotuna, na ɗaura lasifika a kan motar kamfani, muka bi kasuwanni tun daga Bakori har Musawa, ina ta bayani har muryata ta dishe. Manoma sukan taru su ɗaga injin, su jijjiga shi, su yi dariya su ce wannan ai abin wasan yara ne, su miƙo mini abina.

Da abin ya ishi manaja sai ya kira taro. Aka sa Bitrus ya shigo don kawai ya kwance injin ya nuna mana cikinsa. Da ya gama, maimakon ya fita, sai ya tsaya yana goge hannu da tsumma.

"Ranka ya daɗe, in an yarda zan ce wani abu."

"Faɗi," in ji Alhaji Mamman.

"Mutanenmu ba za su saya don sun ji a lasifika ba. Gonar babana tana bakin hanyar da kowa ke bi zuwa kasuwa, kuma duk yankin an san shi da noma. A ba ni inji ɗaya da magani. In fesa rabin gonar, in bar rabi. Sauran bayanin, audugar ce za ta yi shi."

Na yi dariya a fili, na ce talla ilimi ne, ba aikin sufana ba. Manaja bai ko dube ni ba. Ya ce a ba shi.

Da kaka ta yi, rabin gonar ya yi fari fat, ɗaya rabin kuwa sai ka duba sosai kafin ka ga abin tsinka. Mahaifin Bitrus, wani dattijo Bamaguje mai dogon gashin baki, ya riƙa zama a kan iyakar ɓangarorin biyu yana amsa gaisuwar masu wucewa. Kafin damina ta sake zagayowa babu inji ko ɗaya a sito. Hedikwata ta ce a buɗe ƙaramin reshe a Malumfashi. Ni ban taɓa shakkar cewa ni za a ba ba. Har na ce wa matata Hajara ta fara ɗaure kaya, har na je na dubo wani gida mai rijiya a tsakar gida.

Ga shi kuwa an ba Bitrus. Ni aka mayar da ni shugaban sito, aka ce shi ma ƙarin girma ne. Shi aka ba shi sabon babur mai sunan kamfani a jikin tanki, ni aka ba ni tarin makullai.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci ni. Duk ƙarshen wata yakan zo kawo rahoto, kuma tun daga kwanar titi nake gane ƙarar babur ɗinsa. Da na ji shi sai in tashi in koma ƙuryar sito, wai ina duba garmuna. Duk da haka sai ya biyo ni, ya rusuna ya ce, "Yaya Garba, mun same ku lafiya? Ya su Hajara da yara?" Wani lokaci da ƙullin barkono ko 'yan ƙwan zabi. Da ya yi mini girman kai da na fi samun sauƙi, don da na sami abin riƙewa. Rahoton da yake kawowa cike yake da kurakuran Turanci, kuma ni ake ba in gyara kafin a tura Kaduna, inda ake yabonsa da shi.

Yanzu ga yadda ake fitar da kaya a lokacin. Reshen Malumfashi ba shi da tarho. In shugaban reshe yana son kaya, sai ya cika takardar neman kaya ya ba direba. Direba ya kawo ya sa a hannun shugaban sito. Ni in buga hatimi, in kai wa manaja ya sa hannu, washegari a yi lodi. Babu wani littafi da ake rubuta cewa takarda ta iso. Amana ce kawai.

Cikin watan Satumba na shekara ta biyu da buɗe reshen, direbanmu Isa ya miƙo mini takarda daga Malumfashi. An rubuta "gaggawa" da jan biro a samanta. Tsutsar auduga ta ɓullo da wuri, maganin da ke hannunsu ya ƙare, batir ma haka. A safiyar nan ne kuma na ji Alhaji Mamman yana gaya wa wani baƙo daga hedikwata cewa in aka sami irin Bitrus uku, kamfani ya huta. Maganar tana kunnena lokacin da na karɓi takardar. Na jawo aljihun tebur, na sa ta ƙarƙashin wani tsohon fayil, na rufe.

Na ce wa raina kwana biyu kawai. Manoma su ɗan taso masa, ya san cewa riƙe reshe ba gyaran inji ba ne. Kwana biyu suka wuce. A rana ta uku na ɗauko ta, sai na ga kwanan watan da ke jiki, na san za a tambaye ni inda ta kwana. Na mayar. Daga nan kullum sai abin ya ƙara nauyi, kuma a bayana ga katan-katan na maganin nan a jere har kusa da rufi.

A rana ta tara Bitrus ya zo da kansa, taɓo har gwiwa, ido ya faɗa.

"Yaya, lafiya kuwa? Ko Kaduna ba su aiko ba ne?"

"Aiko da me?"

"Maganin da na nema. Na ba Isa takarda tun wancan makon."

"Wace takarda?" na ce. "Ni ban ga wata takarda ba."

Ya dube ni. Ya ɗauki sabuwar takarda ya cika a tsaye, ya kai wa manaja da hannunsa. Aka yi lodi a ranar. Amma duk wanda ya san auduga ya san cewa in tsutsa ta riga ta shige cikin ƙwallon, feshi ba ya cim mata.

Koke ya kai har Kaduna. Aka ba Bitrus takardar tuhuma: me ya hana shi neman kaya a kan lokaci? Ya amsa cewa ya nema, bai san inda takardar ta maƙale ba. Aka tambayi Isa, wanda bai iya karatu ba, ya ce shi takardu yake kawowa kullum, ba zai iya rantsewa a kan guda ɗaya ba. Aka dakatar da Bitrus, aka karɓe babur. Ranar da na ga an jingina babur ɗin a cikin sitona, wallahi daɗi na ji. Na ci tuwo na ƙara a ranar. Ina faɗin wannan ne don ku san inda mutum ke iya kaiwa.

Bayan mako guda manaja ya ce in shirya in raka shi ganin ɓarnar, tunda ni na iya rubuta rahoto. Muka yini muna shiga gonaki. Daga nesa ganye shar, in ka matsa ka taɓa ƙwallon sai ka ga huda. Da la'asar muka isa gayaunar wata tsohuwa da ake kira Inna Ladi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki. Awakinta biyu ta sayar ta sayi injinmu. Ta tsinko ƙwallo ɗaya, ta fasa da farce, ta nuna wa manaja tsutsar tana motsi a ciki.

"Alhaji, na ji an ce kun kori yaron nan," ta ce. "Kada ku ɗauki alhakinsa. Kullum yana bakin titi yana duban motarku. Muka ce ya tafi Funtua ya gani, ya ce a'a, yayansa ne ke riƙe da sito, in dai akwai magani ba zai bari mu kwana biyu babu ba."

Manaja ya nuna ni ya ce, "Ai ga yayan nasa nan."

Ta juyo da fara'a. "Ashe kai ne! Sannu, ɗana. Kullum sai ya yi zancenka." Ta kwance bakin zanenta ta zuba mini dafaffiyar gyaɗa a tafin hannu. "Kai da ka san takarda, ka taimaka ka gano mana wanda ya yi mana wannan. Ba abin da zan yi masa. So nake kawai in ga fuskarsa."

Na riƙe gyaɗar nan har cikin mota, na kasa kai ko ɗaya baki. Muna gab da Bakori na ce, "Ranka ya daɗe, takardar tana cikin teburina."

Alhaji Mamman ya sa direba ya tsaya, ya ce masa ya ɗan ba mu wuri. Sannan ya juyo gare ni.

"Me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba."

"To, don me?"

"Kujerar nan tawa ce, ranka ya daɗe. Shekara takwas."

Ya cire hula ya shafa kai. "Duk tsawon lokacin nan kana ɗauke da wannan, ba ka taɓa shigowa ofishina ka faɗa ba. Ni ma ban taɓa kiranka na gaya maka dalili ba, sai dai ka gani a allo kamar baƙo. Wannan kuskurena ne. Amma gonakin nan naka ne, Garba, kai kaɗai."

Na zaci kora ce. Ya rubuta wa Kaduna gaskiyar abin da ya faru, ya kuma roƙa a bar ni. Aka mayar da Bitrus kan kujerarsa, ni kuma aka rage mini mataki, aka tura ni Malumfashi a matsayin akawu, a ƙarƙashin Bitrus. Kamfani ya raba wa manoman da abin ya shafa iri da magani kyauta a damina ta gaba, ko da yake wannan bai dawo da abin da suka rasa ba. Daga lokacin ne kuma aka fara yin takardar neman kaya kwafi uku, ɗaya ta tafi wurin manaja kai tsaye, a kuma rubuta isowarta a littafi. Wannan tsarin da kuke ƙorafin yana ɓata muku lokaci, ni ne sanadinsa.

Ranar da na kama aiki a Malumfashi, Bitrus ya miƙe ya ba ni kujera. Na fara kame-kamen neman gafara, ya tare ni.

"Tun ranar na sani, Yaya. Ina yi maka magana hannunka na dafe da aljihun tebur."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ba ni da shaida. Kuma 'ya'yanka biyar. Nawa na bar shi. Amma ba ni aka fi cuta ba. Ka san hanyar gidan Inna Ladi."

Na je. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa mata da bakina. Ta ƙura mini ido har na sunkuyar da kai, sannan ta tashi ta shige ɗaki. Damina biyu ina zuwa yi mata feshi da hannuna kafin ta fara amsa gaisuwata, kuma har ta rasu ba ta sake ce mini ɗana ba.

Shekara huɗu na yi a ƙarƙashin Bitrus, kuma a wurinsa na koyi tallar da nake taƙamar na iya. Daga baya aka ɗauke shi zuwa hedikwata, ya zama shugaban sayarwa na yankin gaba ɗaya. Na je na yi masa murna, kuma ina riƙe da hannunsa na ji abin nan ya sake tsunkulina a ƙirji. Bai mutu ba. Bambancin kawai shi ne yanzu ina gane shi in ya taso.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Kamfani yana iya samun kaya mai kyau, da talla mai kyau, da mutumin da ya dace a kan kujera, amma ma'aikaci ɗaya da aka tsallake ba a yi masa bayani ba ya rusa duka yana zaune. In kun zama manya, ku kira wanda bai samu ba kafin ku taya wanda ya samu murna. In kuma ku aka tsallake, ku je ku faɗa, ko ku yi fushinku a gida. Domin ni da na tashi ramawa, Bitrus na nufa, amma wata tsohuwa na samu, wadda ba ta taɓa sanin akwai wata kujera da ake rigima a kanta ba.