Kayan Barcin Gwaggo Asibi

Gwaggo Asibi mutuniyar Mainika ce, kuma kowa a garin ya san ta da saƙar faifai. Da girma ya zo sai yanar ido ta rufe mata idon dama, na hagu ma ya fara bi. Ta ajiye saƙa, ta koma zama a ƙofar ɗaki tana gane mutane da murya.

Ɗan ƙanenta Musbahu, da ke koyarwa a Kabo, ya ji labarin likitocin ido za su zo Gwarzo. Ya kira ta a waya.

"Gwaggo, jibi zan zo mu tafi. Sun ce za ki kwana, ki taho da kayan barci."

Kwanan asibitin da aka ambata ya tayar mata da hankali, don mijinta da ya kwana a asibiti bai dawo ba. Ta bi maƙwabta gida-gida tana neman gafara. Sannan ta haɗa tabarma da matashi da bargo da gidan sauro, ta ɗaure da igiya.

Musbahu ya iso a babur, suka gaisa, ya dubi ƙunshin.

"Gwaggo, ƙaura za mu yi?"

"Ba kai ka ce kayan barci ba?"

"Rigar da ake kwana da ita suke nufi, marar nauyi. Ai akwai gado a can."

"Ikon Allah! Barci ma sai an ɗinka masa riga? Ni tun da na yi wayo zani nake ɗaurawa."

Ya yi dariya, ya miƙa mata wata da matarsa Hamida ta aiko a leda. Ta shafa ta ji laushi.

Suka isa Gwarzo, aka yi mata aikin ido lafiya. Washegari da hantsi ma'aikaciyar jinya ta cire mata bandeji. Gwaggo ta ƙifta ido, ta dubi jikinta.

"Ashe rigar mai furanni ce!"

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon Musbahu, hawaye na zuba.

"Kai, yaro, yaushe ka yi furfura?"

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi. A hanyar komawa gida ta hana shi gudu. Duk gonar da suka wuce sai ta tambaya ko ta wane ne, ta yaba dawar, ko ta ce wannan kam ragon manomi ne.